Jawabin Ranar 24 ga Afrilu: Sulhun 1995 da Abin da Ya Bar Mana

Maigari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu dattawa maza da mata, da ƴan uwa da suka zo daga Yamai da sauran wuraren biɗa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ƙungiya ta ɗora mani yin magana a kan ranar 24 ga Afrilu. Yara a lakwal sun san ta ranar hutu ce, amma kaɗan ne suka san mafarinta.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawa a Azawak da Abzin. Samarinsu da yawa suka tafi Aljeriya da Libiya. Da suka komo gida a zamanin Janar Ali Shaibu, ba su tarar da taimakon da aka yi masu alkawari ba. A watan Mayu na 1990 rikici ya ɓarke a Cintabaradan, sojoji suka mai da martani, farar hula suka mutu. Daga 1991 tawaye ya kankama. Mu mutanen Adar da ke bakin iyakar ƙasar noma da ta kiwo mun ji a jikinmu. Motoci ba sa bin hanyar Tawa zuwa Agadas sai da rakiyar soja, kasuwannin bisashe suka ja baya, maƙwabci ya fara zargin maƙwabci.

Da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa, aka cimma yarjejeniyar farko a Wagadugu a watan Oktoba na 1994. Ranar 24 ga Afrilu 1995, a zamanin shugaba Mahaman Usman, aka sa hannu a kan babbar yarjejeniya a Yamai, Rhissa Ag Boula ne ya sa hannu a madadin ƴan tawaye. Gwamnati ta yarda da afuwa, da ɗaukar tsoffin mayaƙa aiki, da raba mulki domin kowane yanki ya riƙe al'amuransa. Su kuma suka yarda su ajiye makamai. Ba duka suka shiga a lokaci ɗaya ba. Sai da aka ƙara zama a birnin Aljas a 1997 da Njamena a 1998, sannan aka ƙone bindigogi a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000.

Me wannan takarda ta bar mana? Ta bar mana komin. A zaɓen 2004 aka kafa majalisun komin 265 a faɗin ƙasa, talaka ya samu magajin gari da ya san gidansa. Hanya ta buɗe, fatake suka koma safara. Sai dai cika alkawari ya yi nawa, shi ya sa a 2007 wani tawayen ya tashi, bai lafa ba sai 2009. A watan Maris na 2021 kuma ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya, cikin jiharmu ta Tawa. Waɗannan ba su ne masu tawayen 1991 ba, amma ɓarakar da ke tsakanin ƙabilu ita ce ƙofar da irinsu ke nema.

Iyayena, sulhun da manya suka ƙulla a Yamai, a bakin rijiya ake riƙe shi ko a warware shi. Kun fi ni sanin yadda kowane Ba'abzine da Bafillace ke da maimasauki a garin nan: ya kawo nono da cuku, ya tafi da hatsi, garkensa ya kwana a gona bayan girbi ya bar taki. Yau an ci burtali da noma, kara ya zama abin sayarwa, baƙon jiya ya koma abokin shari'a.

Don haka nake roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, kafin shuka dattawa su zaga burtali tare da wakilan makiyaya, duk wanda gonarsa ta shiga hanyar dabbobi ya ja baya. Na biyu, in an yi ɓarna a kai magana gaban maigari a ƙiyasta diyya, kada wani yaro ya ɗauki sanda. Na uku naku ne, ƴan cirani. Saƙon murya da kuke turowa ta salula yana riga mota isowa gari. Labarin da ba ku tabbatar ba, musamman wanda ya ambaci wata ƙabila, ku bar shi a wayarku.

Mu kuma a lakwal ƙofa a buɗe take ga ƴaƴan rugga. Yaran da suka zauna benci ɗaya da wuya su ja wa juna wuƙa.

Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, ya ba mu damina mai albarka.