Awo da Lalube: Yadda Za Mu Gane Rago Ya Yi Kitse

 

Da yawanmu da kuɗin adashi muke sayen ɗan rago mu turke don Babbar Sallah, amma sai dillali ya zo ya ce mana wai bai yi ƙiba ba, ya karya farashi. To, mu riga shi sani mana!

Mu sami tef ɗin tela mu zagaya ƙirjin ragon, daidai bayan ƙafafun gaba, duk mako biyu, da safe kafin ya ci. Mu rubuta. In awon na ƙaruwa, nauyi na ƙaruwa. Tsayi kuwa ƙashi ne kawai. Balami ya fi 'Yankasa tsawo ko da a rame yake. Kada tumbi ya ruɗe mu, sau tari harawa ce da ruwa, wani lokacin ma tsutsar ciki.

Kitse dai hannu ke gane shi. Mu laluba gadon baya, bayan haƙarƙarin ƙarshe, da gindin wutsiya. In ƙashi na tokarar yatsa, da saura, a ƙara dusa. In sai an danna ake jin sa, ya kai. Daga nan duk dusar da muka ƙara, ribarmu yake ci.