Lambun Bayan Gida Da Ruwan Farko: Jawabi Ga Taron Ƙungiya

 

An nemi mu faɗi abin da muka gani da muka zaga lambunan bayan gida a nan Sabo tun da ruwan farko ya sauka. To, maganar a dunƙule ita ce, daminar Ibadan daban take da daminar gida. A Kano ko Katsina sai wajen Mayu zuwa Yuni ruwa yake zama, ya ɗauke a ƙarshen Satumba. A nan kuwa tun Maris ake fara samunsa, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sannan ya dawo Satumba da Oktoba. Wanda ya zauna yana jiran lokacin shukar garinsu, wata biyu sun wuce shi. In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza.

Me ya sa muka damu da ɗan lambu alhali mu 'yan kasuwa ne? Saboda mu muka fi kowa sanin yadda kayan miya suke yi. Da zarar noman rani ya ƙare a Arewa, wato daga Afrilu zuwa Yuli, kwandon tumatir sai ya hau, uwargida ta dawo daga cefane da leda shafal. Mun tuna 2016, lokacin da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Mun kuma tuna 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, da aka tsayar da motocin abinci daga Arewa na wasu kwanaki. A irin waɗannan ranaku, gidan da yake da ganye a bayan ɗaki bai kwana da tuwo babu miya ba.

Ga abin da muka tarar. Alayyahu shi ne ya fi kowa saurin biya. Waɗanda suka cakuɗa irinsa da yashi suka yayyafa a kan kunya, cikin sati uku zuwa huɗu har sun soma tsinka. Lalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa suke kira ewedu, ya yi wa wasu gardama. Dalili kuwa ƙwayarsa tana da tauri. A ƙulle ta a tsumma, a tsoma cikin tafasasshen ruwa kamar daƙiƙa goma, a shanya, sannan a shuka. Kuɓewa ta tsiro da kyau wajen waɗanda suka jiƙa iri ya kwana. A bar tushe ɗaya a kowane rami, kafin wata biyu za ta soma 'ya'ya, kuma a riƙa cira duk bayan kwana biyu ko uku, don in ta ƙosa a jiki uwar sai ta rage haihuwa.

Tumatir kuwa sai da lura. Laimar ƙasar nan tana kawo masa cutar da za ka ga tushe lafiya lau da safe, kafin la'asar ya yi yaushi. Cutar a cikin ƙasa take. Saboda haka a tumɓuke wanda ya kamu a fitar da shi daga lambu, kada a sake sa tumatir ko barkono a wannan gurbin. Masu shuka a buhu da sabuwar ƙasa, suka huda gindin buhun, suka kafa masa sanda don kada ya kwanta a laka, nasu ya fi kyau. Attaruhu ya fi tumatir jure wa ruwan nan. Albasa ba ta cika yin kai da damina ba, a shuka ta don lawashi kawai. Zogale yana kamawa daga reshe, amma a sa shi a tudu, domin saiwarsa tana ruɓewa inda ruwa yake kwanciya.

Iyayenmu mata sun yi ƙoƙari wajen furanni. Lallen da aka dasa a jikin danga ya yi toho, in ya fitar da fararen furanninsa ƙamshi har zaure, ga ganye na biki da na Sallah. Ɗoɗɗoya ma ta yi kyau a tsofaffin robobi. Fure ba ado ba ne kawai, shi yake janyo zuma, kuma kabewa ba ta yin ɗa sai ƙwaro ya ɗauko garin furen namiji ya kai wa na mace. Don haka kada a yi feshin magani lokacin da fure yake buɗe.

Sai gargaɗi guda huɗu. Na ɗaya, takin da ake ɗebowa daga kara a bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanye yana ƙona shuka. Na biyu, kada a yi ban ruwa da ruwan kwata, ganyen nan cikin 'ya'yanmu zai shiga. Na uku, duk gwangwani ko tayar da take tara ruwa a kife ta, gidan sauro ce. Na huɗu, kada wani ya toshe magudana da ƙasa ko shara don ya ƙara fili. Dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, matasa kuma sun ga ta Agustan 2011. Wanda yake gidan haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin ya sa fartanya, zaman lafiya da maƙwabci ya fi kunya goma ta alayyahu.

Mai neman ƙarin sani, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, tana nan Idi-Ishin, ba nisa. Waɗanda ba su fara ba har yanzu da sauran lokaci, domin alayyahu da lalo ana iya maimaita su sau da yawa kafin ruwa ya ɗauke. Muna roƙon duk wanda shukarsa ta yi kyau ya bar tushe biyu su ƙosa, ya kawo iri taro na gaba a raba wa marasa shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.