Jawabin taron bazara: jiran ruwan shuka



Mu mutanen Dakoro mun san jira. Dattawa, kun ga farin 1984. Mu yara mun ga fara a 2004, yunwa ta biyo a 2005. Annabi Iliya ma, bisa Dutsen Karmel, sau bakwai baransa ya je duban hadari, shi kuwa bai tashi daga durƙuso ba.

Amma kun sani, mai yunwa yakan daka irin shukarsa, bangaskiyarsa ta raunana tare da rumbunsa. Don haka ku na Maradi da Kano, ku aiko kuɗin iri kafin ƙarshen Mayu, gwauraye su samu na binne. Addu'ar ruwa kuma kowace Laraba da asuba, a majami'a.