Wayar Salula a Kwarin Mina: Lacca a kan Cunkoso da Sadarwa

Mas'alar da aka ɗora mini yau ita ce ta wayar salula a inda jama'a suka yi cincirindo, kuma da na yi nazari ban sami misalin da ya kai kwarin Mina a kwanakin Hajji ba, domin a can ne mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, bisa ƙidayar Hajjin 2024, suke taruwa a ɗan sarari tsakanin duwatsu, kowa da waya a hannu, kowa kuma yana ɗokin mutanen gida su ji muryarsa.

Duk alhajin da ya kwana a tantunan nan ya san lamarin: ka duba fuskar waya ka ga sandunan sabis sun cika fal, ka danna kira, ka ji shiru, ka tura hoto ya yi ta juyi har barci ya ɗauke ka. A nan ne ya wajaba mu bambanta abu biyu waɗanda jama'a suke cakuɗawa, wato isar sabis zuwa inda mutum yake, da yawan mutanen da sabis ɗin zai iya ɗauka a lokaci guda. Rijiya tana iya kasancewa a ƙofar gidanka, amma idan guga dubu suka taru a bakinta, kusancinta ba zai kashe maka ƙishirwa ba.

Tun a 1948 wani masanin lissafi na Amurka, Claude Shannon, ya kafa hujja cewa kowace hanyar sadarwa tana da haddin da ba ta ƙetarewa, kuma haddin ya rataya ne a kan faɗin zangon rediyon da aka ba ta, da yadda saƙo ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. Mai gaggawa zai ce, to a ƙara wa turakun sabis ƙarfi mana. Amma wanda ya yi makarantar allo ya san cewa idan kowane almajiri ya ɗaga murya domin malam ya ji shi, ƙarshenta malam ba zai ji kowa ba, alhali kuwa da an raba su ƙananan da'irori, kowace da mai biya mata, aka kuma umarci kowa ya sassauta, sai karatu ya gudana a tsangaya ɗaya ba tare da wani ya danne wani ba. Wannan hikimar ce Douglas Ring na ɗakunan binciken Bell ya rubuta a 1947: a yanka ƙasa gunduwa-gunduwa, kowace da eriyarta mai ƙaramar murya, ta yadda zangon da aka yi amfani da shi a nan za a sake amfani da shi a can gaba kaɗan. Saboda haka kamfanonin Saudiyya, STC da Mobily da Zain, ba turke ɗaya mai tsawo suke dogara da shi a Mina ba, eriyoyi ne masu yawa kusa da kusa, kowace tana fuskantar rukunin tantunanta.

Sai dai kowane magani da nasa ɗaci. Ƙananan zanguna, irin su megahaz 700 zuwa 900, suna tafiya nesa suna ratsa bango, amma kayan da suke ɗauka kaɗan ne. Manya kuwa, kamar gigahaz 3.5 da 5G take hawa, suna ɗaukar kaya masu yawa amma ba su da nisan zango, har jikin ɗan Adam, da yake galibinsa ruwa ne, yana shanye su, ta yadda taron da ake son yi wa hidima shi kansa ya zama katanga. Wannan ƙishirwar zango ce ta sa hukumar sadarwar Saudiyya ta buɗe wa Wi-Fi zangon gigahaz 6 gaba ɗayansa a 2021.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne wannan birni na alhazai tafiya yake yi. Ran 8 ga Zulhajji yana Mina, ran 9 ya tashi ɗungurungum zuwa Arfa, da faɗuwar rana ya kwarara Muzdalifa, kashegari ya dawo wajen jifa, sannan sauran shekara filayen su zama kufai, turakun da aka kashe wa dukiya suna tsaye ba mai kira. Shi ya sa ake haɗawa da turakun da ake ɗorawa a kan motoci, a kafa su inda buƙata take. Ga kuma wata illa: an gina yawancin hanyoyin nan ne bisa zaton mutane za su fi sauko da abu daga intanet, alhali alhaji a yammacin Arfa turawa yake yi, ya ɗaga waya sama yana nuna wa iyalinsa a Kano ko Damagaram Dutsen Rahama kai tsaye. Duk wannan kaya, bayan eriya ta karɓa, dole ya bi ta wayar gilashi da aka binne a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ita ce ta yi kaɗan, ko eriya dubu aka ƙara, hoton nan zai ci gaba da juyi a fuskar waya.