Ciwon Daji Mai Ƙari: Abin da Ya Sauya Cikin Shekara Hamsin

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ma'aikacin likita, ya yi a taron shekara

Shugabanni sun ba ni magana a kan ciwon daji, wanda wasu ke ce ma sankara. Zan tsaya ga mai ƙari, wato mai tsirowa a nono, hanta, huhu, hanji ko bakin mahaifa. Na jini maganarsa daban ce.

A wurinmu, in aka ce daji ya kama wane, sai a fara yi ma dangi jaje. To, haka abin yake ko'ina? Ga yadda masana ke aunawa. Sukan ɗauki mutum ɗari da aka gano ma ciwon, su ware waɗanda wani dalili daban ya kashe, su ƙidaya nawa ke da rai bayan shekara biyar. Amurka tana cikin ƙasashen da suka daɗe suna wannan lissafi, shi ya sa zan kawo nata.

Wajen 1975, in an haɗa kowane irin daji har da na jini, mutum 49 cikin ɗari ke kai shekara biyar. Yau sun kai wajen 70. Amma ba duka suka yi tafiya ɗaya ba. Na nono ya tashi daga 75 zuwa 91. Na babban hanji, daga wajen 50 ya haura 60. Na huhu, daga 12 ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Na hanta, daga 3 ya haura 20 kaɗan. Na wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda ake kira pankireyas, daga 3 bai wuce 13 ba. Kun ga, suna ɗaya ne, amma hali kowa da nasa.

Me ya kawo wannan ci gaba? Na farko, sababbin magunguna. A 1974 wani lokotoro a Amurka mai suna Lawrence Einhorn ya fara ba samari masu dajin maraina wani magani da ake kira sisfilatin. Kafin nan, in ciwon ya bazu cikin jiki, da wuya ɗaya cikin goma ya tsira. Yau wajen takwas cikin goma ke warkewa. Ga dajin nono kuma aka samu ƙwayar tamokisifen tun shekarun 1970. Na biyu, aikin fiɗa da gashin ƙari da na'ura sun gyaru. Na uku, kuma shi ne namu, zuwa likita da wuri. A Amurka, macen da aka gano ma daji tun yana cikin nono kaɗai, 99 cikin ɗari ke kai shekara biyar. In ya riga ya kai ƙashi ko huhu, sai wajen 30.

Akwai wata ƙura cikin lissafin, ba zan ɓoye muku ba. In aka gano ciwo da wuri, ƙidayar shekara biyar ma da wuri take farawa, sai adadin ya yi kyau ko da kwanan mutum bai ƙaru ba. Saboda haka ake duba yawan masu mutuwa. Shi ma ya ragu: a Amurka, daga 1991 zuwa 2022, ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma barin shan taba yana da babban hannu a ciki.

Yanzu mu dawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin ɗari masu dajin nono ke kai shekara biyar, a Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Jikin macenmu bai bambanta da na Baturiya ba. Bambancin shi ne lokaci da kuɗi. Mace ta ji ƙari, kunya ta hana ta faɗi. A yi wata shida ana jiƙo da shafe-shafe, sai ya fashe kana a nemi mota. Wani kuma ya fara magani, guzuri ya ƙare, ya komo gida a tsakiya. Tun 2021 akwai na'urar gashi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, amma na'ura ba ta zuwa ƙauye neman mara lafiya.

Ga roƙona guda huɗu.

Ɗaya: ƙari a nono, ko da ba ya zafi, da jinin da ke zo ma mace ba lokacinsa ba ko bayan ta daina al'ada, a kai likita cikin wannan wata. Maigida ya ba da izini, ya ba da kuɗin mota. Ba kowane ƙari ne daji ba, amma lokotoro ne zai rarrabe.

Biyu: dajin hanta, tun da maganinsa bai yi nisa ba, a tare shi tun daga ƙofa. A kai jarirai allurar rigakafi, don tana kare su daga ƙwayar ciwon hanta mai jawo shi. A busar da gujiya da masara sosai kafin a adana, wadda ta yi hunhuna a zubar, gubarta hanta take ci.

Uku: samarinmu na bida su rabu da taba.

Huɗu: ƙungiya ta ware wani abu cikin asusu don mota da masaukin wanda aka tura Yamai, ƴan'uwanmu na can kuma su riƙe shi har ya gama magani. Ina roƙon ma'aji da dattawa su duba wannan kafin mu watse.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.