Ƙafar da Ruwa Cikin Kwamfuta



Sanin kowa ne cewa idan rana ta ƙafar da tafki, ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirinsa yana nan. Tambayar masana sinadaran ƙasa ita ce: wane gishiri zai fara kwantawa, wanne zai biyo baya? A shekarar 1849 wani masani mai suna Usiglio ya ƙafar da ruwan Bahar Rum sannu a hankali. Ya ga farar ƙasa ce ke fara kwantawa, sai jibsam, sannan gishirin miya bayan ruwan ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma.

A yau muna yin wannan gwaji da manhajar PHREEQC ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Da farko mukan ba ta sinadaran da aka auna cikin ruwan, sa'an nan mu umarce ta ta riƙa ɗebe tsantsar ruwa kaɗan-kaɗan. Masana suna ƙidaya sinadari da ma'aunin mol, kuma kilo ɗaya na ruwa mol 55.5 ne. Saboda haka idan muna son kaurin gishirin ya ninka sau 20, sai mu ɗebe mol 52.7. A kowane mataki manhajar za ta lissafa gishirin da ruwan ya kasa riƙewa, ta kwantar da shi.

Hardie da Eugster sun nuna a 1970 cewa makomar ruwa tun a matakin farko take yankewa. In kalsiyam ya rinjayi kabonet, bayan farar ƙasa sai jibsam. In kuwa kabonet ya yi rinjaye, ƙarshen ruwan kanwa ne, kamar wadda ake haƙa a kewayen Tafkin Chadi.

To, amma akwai hattara biyu. Idan ruwa ya yi kauri ƙwarai, lissafin da aka saba yakan kauce, dole a koma ga tsarin Pitzer. Kuma manhajar ba ta kwantar da gishirin da ba mu ambata mata ba. Wanda ya ba ta awo gurgu, amsa gurguwa zai karɓa, alhali kuwa da irin wannan lissafi ake hango ko gonar rani za ta yi gishiri. Don haka mu kyautata awo tun daga bakin rijiya.