Zaman Ojukwu a Ƙasar Kwaddibuwa



A watan Janairu na 1970, yayin da yaƙin basasar Nijeriya ya zo ƙarshe bayan wata talatin ana zubar da jinin bayin Allah, sai Odumegwu Ojukwu, madugun Biyafara, ya danƙa al'amura a hannun Philip Effiong, ya hau jirgi ya sauka a wannan ƙasa ta Kwaddibuwa, inda Shugaba Houphouët-Boigny ya ba shi mafaka. Mutumin da aka haifa a Zungeru, wanda ya taɓa riƙe Bataliya ta 5 a Kano, wanda jiya kalmarsa ce hukunci, shi ne ya wayi gari yana lissafin manyan motoci da ladan direbobi, gama sufuri ya kama, sana'ar da ta arzuta mahaifinsa tun da fari.

A ganina wannan zama na shekara goma sha biyu, cikin ƙasƙanci irin na baƙunci wanda kowane ɗan ci-rani a nan ya san ɗacinsa, jarrabawa ce da ta fi ta fagen fama tsanani. Da Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1982, ya koma gida, ya nemi kujerar sanata a 1983, bai samu ba.